Zoben Azurfa Da Dirhami Uku: Sauƙin Da Muka Manta Da Shi A Sha'anin Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wata al'ada da iyayenmu ba su san ta ba tana ƙara samun gindin zama a bukukuwan aure na ƙasar Hausa, wato sanya zoben aure. Ta fara ne daga manyan birane, fina-finai da hotunan wayar hannu suka ɗauko ta, har ga shi yau ta iso garuruwa irin su Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Saurayin da ya san zinare haramun ne ga namiji sai ya nemi mafita, ya ce to bari ya sayi na azurfa. Daga nan tambaya ta taso: mene ne hukuncin zoben azurfa, kuma shin yana da wani matsayi a cikin aure?

Ra'ayin wannan shafi shi ne, azurfa tana da gurbi biyu sanannu a Shari'a da suka shafi mai neman aure. Na farko zoben da aka halatta wa namiji, na biyu ma'aunin mafi ƙarancin sadaki. Zoben aure ba ya cikin biyun. Mun rungumi abin da aka shigo mana da shi daga waje, mun yi watsi da sauƙin da ke rubuce cikin littattafan da ake karantarwa a zaurukanmu.

Maganar tana da nauyi a wannan yanki fiye da wurare da yawa. Ƙananan hukumomin nan uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, suna iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, kuma sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Duniya ba ta manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Bayan wannan akwai gonakin da suka daina nomuwa, da dabbobin da aka kore, da iyalan da suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Malumfashi da birnin Katsina, da zawarawa da marayun da aka bari. A irin wannan hali duk wani sabon kaya da aka ɗora wa aure, komai ƙanƙantarsa, wani saurayi zai hana wa aure, kuma wata budurwa zai tsawaita wa zaman gida.

Bari mu fara da asali. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa riƙon zoben zinare, mutane suka yi koyi da shi, daga baya ya jefar da shi, su ma suka jefar da nasu. Da ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa bayan sulhun Hudaibiyya, aka shaida masa cewa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa, aka zana sunansa da matsayinsa na Manzon Allah a layi uku. Zoben ya kasance a hannunsa, sannan a hannun Sayyidina Abubakar, sannan Sayyidina Umar, sannan Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara musu yarda, har ya faɗa rijiyar Aris da ke kusa da Ƙuba. An yi kwana uku ana nema ba a same shi ba. Wannan shi ne tarihin zoben azurfa a Musulunci: hatimin shugaba ne, kuma ado ne da aka yardar wa maza. Babu ruwaya ingantacciya da ta nuna Annabi (SAW) ya sanya wa wata daga cikin matansa zobe a matsayin alamar ɗaurin aure, ko wata ta sanya masa.

Haramcin zinare ga maza kuwa ba abin wasa ba ne. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ga zoben zinare a hannun wani mutum, ya cire shi ya jefar, ya kwatanta shi da garwashin wuta. Bayan tafiyarsa aka ce wa mutumin ya ɗauki abinsa ya amfana da kuɗinsa, ya rantse ba zai ɗauki abin da Manzon Allah ya jefar ba.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar nan, sun yi wa zoben namiji iyaka. Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta azurfa a zobe da adon takobi da na Alƙur'ani, ta ambaci hani a kan zoben baƙin ƙarfe, ta kuma fifita sanya zobe a hannun hagu. Masu sharhin Muhtasar na Halilu sun bayyana cewa zoben ya zama guda ɗaya, kada nauyinsa ya wuce dirhami biyu, wato kusan giram 6 a ma'aunin zamani, kuma ƙaramin yatsa ne wurinsa. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu hani a kan sanya zobe a yatsan tsakiya da wanda ke kusa da shi. Hukuncin ya taɓa har alwala: a wurin Malikiyya zoben da aka halatta ba dole ne a motsa shi ba ko da ya matse, amma wanda ba a halatta ba dole a gusar da shi idan ya hana ruwa isa ga fata. Wanda kuma zobensa ke ɗauke da sunan Allah, kada ya yi tsarki da hannun da zoben yake. Sauran mazhabobi suna da nasu ma'aunin, Hanafiyya sun tsaya a kan abin da bai wuce misƙali ɗaya ba, Shafi'iyya sun mayar da abin ga al'adar gari. Mata kuwa babu wannan iyaka a kansu, zinare da azurfa duka halal ne a gare su.

Sai dai sanin hukunci bai isa ba idan mai saye bai san abin da yake saye ba. Zallar azurfa tana da laushi, zoben da aka yi da ita yakan lanƙwashe, saboda haka maƙera suke gauraya ta da ɗan jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Ma'aunin da duniya ta fi sani shi ne kashi 92.5 cikin 100 azurfa, kashi 7.5 jan ƙarfe, shi ya sa ake buga lamba 925 a cikin zoben. Tun a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa dokar da ta wajabta gwada kayan azurfa a kan wannan ma'auni, a buga musu tambari kafin a sayar. Irin wannan azurfa takan yi duhu idan ta daɗe, domin tana haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi. Duhun ba alamar jabu ba ne, gogewa kaɗan ke fitar da haskenta.

Jabun yana wani wuri dabam. Akwai zoben tagulla da aka wanke da ruwan azurfa, wanda bayan 'yan watanni wankin ke goge wa, ya bar kore a yatsa. Akwai wanda ake kira azurfar Jamus, alhali ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Akwai na ƙarfe mara tsatsa mai ƙyalli, wanda ya shiga cikin saɓanin malamai a kan zoben ƙarfe. Mafi hatsari ga namiji shi ne abin da ake kira farin gwal. Ido zai ce azurfa ce, amma zinare ne aka gauraya da wasu fararen ƙarafa har launinsa ya sauya, kuma sauya launi ba ya sauya hukunci. Lambar 925 ita ma ana iya buga ta a kan jabu. Maganaɗisu yana tona asirin ƙarfe, amma ba ya tona na tagulla. Don haka mai saye ya nemi amintaccen maƙeri ko ɗan kasuwa da aka sani, a auna masa a kan sikeli a gabansa, don kada ya yi wa rogo kallon kitse.

Ba baƙuwa ba ce azurfa a ƙasar Hausa. Maƙeranmu sun kasu biyu tun da can, maƙeran baƙi masu garma da fartanya, da maƙeran fari masu zobe da munduwa da warwaro. Fatake sun riƙa shigo da tsabar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780, maƙera suna narkar da ita suna yi wa mata kayan ado. Haka aka yi da sulallan azurfa da Turawa suka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913, kafin su maye gurbinsu da na tagulla a 1920. Kakanninmu mata sun yi ado da azurfa, sun adana dukiyarsu a cikinta, kuma ba wanda ya ce aurensu ya ragu don ba a sanya musu zobe a gaban jama'a ba.

To daga ina zoben aure ya fito? Al'ada ce ta mutanen Rum na da, waɗanda suka ɗauka cewa akwai wata jijiya da ta taso daga yatsa na huɗu na hannun hagu ta zarce zuwa zuciya. Daga baya coci ta shigar da ita cikin tsarin ɗaurin aurenta. Sanya shi ga maza bai yaɗu a Amurka ba sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tallan kamfanonin lu'ulu'u da na kayan ado ne ya ƙara mayar da shi tamkar wajibi. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kansa. Shaihu Albani ya hana shi saboda koyi ne da al'adar addinin wasu. Shaihu Ibn Usaimin ya yi kashedi musamman ga wanda ya ƙudurce cewa zoben ne ke jawo soyayya ko yake riƙe aure, domin wannan ya taɓa aƙida. Hukumar fatawa ta Masar kuwa ta ɗauke shi a matsayin al'ada da ta zama ruwan dare, ta halatta shi muddin na namiji ba zinare ba ne.

Ba mu da hurumin yanke wannan saɓani, amma akwai abubuwan da dukan ɓangarorin suka haɗu a kansu. Zobe ba rukuni ba ne, ba sharaɗi ba ne, ba sunnar aure ba ce. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da shaidu adalai, da sigar nema da bayarwa. Saurayi ya kama hannun budurwa ya zura mata zobe kafin a ɗaura aure bai halatta ba, domin baiko ba ya mayar da ita matarsa. Ɗauka cewa cire zobe ko ɓacewarsa alamar mutuwar aure ce camfi ne. Miji ya saya wa matarsa zoben azurfa ko na zinare kyauta bayan ɗaurin aure kuwa, wannan alheri ne da ake samun lada a kansa. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da shi wani sabon shinge a kan lefe da kayan sa-rana da na gaisuwar iyaye, har a riƙa yi wa wanda bai kawo ba gori.

Akwai kuma wani tarko da masu saye da masu sayarwa ke faɗawa ba su sani ba, wato riba. Hadisin Ubadatu bin Samit da ke cikin Muslim ya sanya zinare da azurfa cikin abubuwa shida da ba a musayarsu da jinsinsu sai daidai wa daida kuma hannu da hannu. Ma'ana, wanda ya kai tsohon zoben azurfa ya karɓi sabo ya yi ciko da kuɗi ya shiga hani. Hanyar tsira ita ce ya sayar da tsohon ya karɓi kuɗinsa, sannan ya sayi sabon a ciniki na dabam. Haka nan, da yake manyan majalisun fiƙihu na zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinare da azurfa, ba a sayen kayan azurfa ko na gwal bashi, ko a biya rabi a tafi da kaya a kawo saura bayan girbi. Kuɗi da kaya su haɗu a zama ɗaya. Yawancin iyayen da ke haɗa kayan aure ba su taɓa jin wannan a wa'azi ba.

Yanzu ga gurbi na biyu, wanda shi ne muka fi so malamanmu su waiwaya. A Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinare, ko dirhami uku na tatacciyar azurfa, ko abin da ya kai ƙimarsu. Shaihu Dardiri ya bayyana a sharhinsa cewa idan abin da aka bayar ya kai ƙimar ɗaya daga cikin biyun, auren ya inganta ko da bai kai ƙimar ɗayan ba. A zamanin da aka tsara wannan hukunci, rubu'in dinari da dirhami uku kusan abu ɗaya ne. Yau ba haka ba ne. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan haura giram 1. Dirhami kusan giram 3 ne, uku sun kusa giram 9. A watan Oktoban 2025 farashin oza ɗaya na zinare ya haura dalar Amurka 4,000 a kasuwar duniya, na azurfa kuma ya kai wajen dala 50, wato zinare ya ninka azurfa kusan sau 80. A wannan lissafi, ƙimar dirhami uku ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙimar rubu'in dinari ba. Wanda zai bayar da azurfa mai lamba 925 kuwa, giram 10 nata yana ɗauke da zallar azurfar da ta haura dirhami uku.

Sanarwar da aka saba ji, irin wadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ke fitarwa lokaci zuwa lokaci, tana tafiya ne a kan zinare. Aiki ne mai kyau, amma sakamakonsa shi ne talakan ƙauye ya ɗauka cewa duk lokacin da zinare ya tashi a kasuwar Landan, ƙofar halal ta ƙara yi masa nisa. Manomin da aka kore shi daga gonarsa a ƙauyukan Faskari, ko ɗan gudun hijirar da ke son ya auri bazawarar ɗan'uwansa don ya riƙe marayu a Sabuwa, yana da haƙƙin ya san cewa mazhabarsa ta ba shi ma'auni na biyu. Hadisin Sahlu bin Sa'ad a Bukhari da Muslim ya nuna yadda Annabi (SAW) ya umarci wani matalauci ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya bayar sadaki, da ya rasa sai ya aurar masa a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Zoben da ya shigo cikin maganar aure a gaban Annabi (SAW) ke nan, kuma ya shigo ne don a sauƙaƙa wa wanda ba shi da hali.

Za a ce araha ba ta ado, kuma faɗar wannan zai buɗe wa masu son banza ƙofar wulaƙanta 'ya'yan mutane. Wannan tsoro yana da tushe, kuma dole a amsa shi. Mafi ƙaranci iyaka ce ta ingancin aure, ba farashin da aka yanka wa kowa ba. Sadaki haƙƙin amarya ne, Alƙur'ani ya yi umarni a cikin Suratun Nisa'i a ba mata shi da daɗin rai, kuma surar ta nuna yana iya zama dukiya mai yawa. Nana A'isha ta ba da labari, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa sadakin Annabi (SAW) ga matansa dirhami 500 ne, wato kusan kilo ɗaya da rabi na azurfa. Mai hali da ya ɓuya a bayan dirhami uku ya yi rowa, kuma waliyyi yana da ikon ya ƙi. Abin da ya kamata a rage shi ne kashe-kashen da ba sa shiga hannun amarya: akwatunan nuna isa, hayar wurin biki, anko, da wannan sabon zobe na ɗaukar hoto. A mayar da kuɗin cikin sadaki, ya zama jari ko kadara da mace za ta riƙe da sunanta. A yankin da mace kan wayi gari ta zama ita ce uwa ita ce uba, sadakin da ta mallaka ya fi mata amfani fiye da bikin da aka yi kwana uku ana labarinsa.

Ya kamata kuma a tuna cewa nuna dukiya a inda tsaro ya yi rauni kiran ɓarawo ne. Iyalai da dama a wannan yanki sun sayar da ɗankunne da sarƙar gwal don biyan kuɗin fansa. Maƙwabciyarmu Zamfara ta ga abin da zinare ya jawo: gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙa a jihar a watan Afrilun 2019 saboda alaƙarta da ta'addanci. Zinare halal ne ga mata, ba mai haramta abin da Allah Ya halatta, amma hankali ma ni'ima ce.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da limaman Juma'a na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da su karantar da babin ado da babin riba kamar yadda suke karantar da babin tsarki, domin jama'a suna aikata su kullum. Muna kira ga hukumomin da ke fitar da ƙimar sadaki, da Hukumar Hisbah ta Jihar Katsina, da su zauna da malaman fiƙihu su duba yiwuwar bayyana ma'auni biyun tare, na zinare da na azurfa, da bayanin da zai hana a yi amfani da shi wajen tauye mata. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su tsaya a kan rage al'adun da ke tsawwala aure, su fara daga gidajensu, domin talaka abin da ya gani a gidan babba yake kwaikwayo. Maƙera da 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, su faɗi abin da ke cikin kayansu, kada su sayar wa namiji farin gwal da sunan azurfa, kada su karɓi ciko a musayar jinsi ɗaya.

Ku kuma iyaye, ku tambayi addini da halin mai neman 'yarku kafin ku tambayi abin da ke cikin akwatinsa. Samari, wanda ke son zobe a cikinku ya sanya na azurfa guda ɗaya mai nauyin da Shari'a ta yarda, da niyyar koyi da Manzon Allah (SAW), ya bar aure ya tsaya a kan abin da Allah Ya tsayar da shi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da sauran garuruwanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya sauƙaƙa wa matasanmu hanyar halal, Ya sanya albarka a gidajen Musulmi. Allah ne Mafi sani.